Takardar da ke Aljihun Rigar Maigida

Wata takarda ce ta yi ƙara ƙarƙashin dutsen guga, ina goge rigar maigidana, akawun En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal. Na ciro ta. Ana gayyatarsa taron masu ƙidaya a Kaduna, saboda ba a sami kuskure a lissafinsa ba. Ni ce kuwa ke haɗa masa jimlar mutanen Jabo da Dogon Daji tsakanin azahar da la'asar, da ɗan karatun sakandarena. Na roƙe shi ya tafi da ni, ko zauren taron in gani. Ya ce, "Haba Malama, mi dangi za su ce?" Na yi istigfari, na koma guga. 'Yata ta dafa gwiwata ta ce, "Inna, bari in girma, ni za ni kai ki."