Auren da Telesforo Ya Ɗaga

A bakin ruwan Samaná babu wanda bai san Telesforo ba, baƙin dattijo mai faɗin kafaɗa da hular kaba wadda rana ta cinye mata launi. Masunci ne tun yana saurayi. Da otal-otal suka yawaita, Turawa suka tsiri zuwa ɗaura aure a ƙaramin tsibirin da ke tsakiyar ruwa, sai ya jingine koma, ya yi wa kwale-kwalensa shuɗin fenti, ya koma jigilar 'yan biki.

Ba ya tayar da inji sai ya yi wa fasinjojinsa jawabi da guntun Turancin da ya tsinta a bakin ruwa. Mata su cire takalma masu tsini su riƙe a hannu, domin yashi ba ya ɗaukar su. Maza su tuɓe kwat, sa mayar idan an isa. Mai jin jiri ya zauna a tsakiya, ya kafa ido a kan tsauni, kada ya kalli ruwa. Kowa ya sha ruwan gora, a bar giyar rake sai an gama, don ya sha ganin abokin ango ya zube a yashi tun ba a kai ga zobe ba. A shafa maganin sauro a ƙafa kafin rana ta yi sanyi. Wasu su ji, wasu su yi dariya su ɗauke shi hoto. Abin da ya fi nanatawa ga duk wanda ya nemi shawararsa shi ne kada a sa biki a watannin guguwa. Ya taɓa ganin amarya zaune a zauren otal tana kuka, jirgin iyayenta ya kasa sauka, furanni suna yaushi a cikin bokiti, kuma abin bai bar ransa ba.

A kan gadar katako inda kwale-kwale ke tsayawa, nan Nicasia take kasa burodin kwakwa. Ita ce matarsa a wurin kowa, ita ce uwar 'yarsa tilo, Yuderka, amma ba su taɓa tsayawa gaban fada, wato limamin coci, ko alƙali an ɗaura musu aure ba. Yadda akasarin mutanen unguwarsu suka yi, haka suka yi. Ya ɗauko ta daga gidan kakarta suna da ƙuruciya, suka kafa ɗaki, shekaru suka yi ta tafiya. Idan ya gama lodin 'yan biki, takan ɗaga murya ta tsokane shi.

"Tsoho, ka kai matan duniya an ɗaura musu aure, taka tana nan tana korar ƙuda a kan burodi."

"Ban gama bincike a kanki ba tukuna," in ji shi. "An ce mini kina da surutu."

Sai masu kwale-kwale su kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta jefe shi da ɓawon kwakwa.

Da ciwon sukari ya kama ta, ƙafafu suka fara kumbura, ido ya rage gani, sai maganar ta daina zama wasa. Wata safiya tana ɓare ayabar dafawa ta gaya masa, ba tare da ta ɗago kai ba, cewa ta gaji da zama a benci tana kallon sauran mata suna tashi karɓar jibin Ubangiji a coci, ita an hana ta saboda zaman da suke yi. Tana so a ɗaura kafin idonta ya rufe, ta ga fuskarsa a ranar. Telesforo ya kalli hannuwanta. Ya ce ya yarda, ta zaɓi lokaci.

Ta zaɓi Satumba, watan da aka haife ta. Suka kira Yuderka, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Madrid, ta kuma auri wani ɗan can mai suna Anselmo. Yarinyar ta yi ta kukan murna a waya, ta ce za ta zo da mijinta da surukarta. Nan ne Telesforo ya tuna abin da yake gaya wa baƙi. Satumba tsakiyar guguwa ce. Idan aka rufe filin jirgi fa, ko surukai suka zo ruwa ya kulle su a ɗaki? Ya ce a kai Janairu, lokacin da sama take wankewa.

"Ni ba baƙuwa ba ce, Telo," in ji Nicasia. "Coci ga shi nan bayan gida. Ko ana ruwa zan iya takawa."

Ya yi ta kawo mata dalilai, kuma duka gaskiya ne. Ta saurare shi har ya gama, ta ce to, shi ya san ruwa, a bar shi Janairun.

A shekarar nan guguwa ba ta zo ba. Satumba ta shiga ta fita teku na kwance luf. Telesforo ya lura, ya kuma san ita ma ta lura, amma ba wanda ya tayar da zancen. Maƙwabciyarsu Doña Fefa ta fara ɗinka wa Nicasia rigar aure mai ruwan madara. Shi kuwa kowace Lahadi yana kan waya yana tsara wa 'yarsa tafiya: su iso da sauran kwanaki don jiki ya saba da zafi, Anselmo ya nemi riga mara nauyi, tsohuwar surukarta ta taho da magungunanta a jakar hannu, kada ta sa su a akwati. Yuderka takan ce, "Papi, a nan aka haife ni fa," shi kuma ya ci gaba da lissafa mata.

A watan Nuwamba Nicasia ta taka tsinin ƙwaryar kwakwa a tsakar gida. Ba ta ji zafi ba, don ƙafar ta daɗe da mutuwa, sai da wurin ya yi baƙi ya fara wari. Aka kai ta asibiti, likita ya ce dafin ya shiga jini. Da Telesforo ya ga zazzaɓin ya ƙi sauka, ya hau babur da kansa ya tafi neman fada. Fadan yana wani ƙauye can bayan tsauni wurin jana'iza. Kafin su iso, Nicasia ta daina gane mutane.

Fadan ya shafa mata mai a goshi, ya yi addu'a. Telesforo ya riƙe masa hannun riga ya roƙe shi ya ɗaura auren a nan, ga shi ga ta, ga Doña Fefa shaida. Fadan ya gaya masa a hankali cewa aure sai mace ta amsa da bakinta.

"Ta amsa tuntuni, Fada," in ji shi. "Ni ne na tsaya duban sama."

Ta cika washegari da hantsi. Matan unguwa suka sa mata rigar da Doña Fefa ke ɗinka mata, ko kalmasar gindi ba a gama ba. Yuderka ba ta riski jana'iza ba, sai addu'ar kwana tara. Ba ta ce wa ubanta komai a kan ɗaga ranar ba. Ta wanke masa kaya, ta dafa masa kifi da madarar kwakwa, ta zauna tana kallon sa yana juya cokali. Shi da ta yi masa faɗa da ya fi samun sauƙi.

Janairu ta zo da sama garau da baƙi fal gari. Ya fita aiki domin zaman gida ya fi ƙarfinsa. Ya ci gaba da jigilar amare, sai dai ya rage magana, kuma idan ana ɗaurin auren ba ya ƙara tsayawa a gindin bishiya yana kallo kamar da. Yakan ja kwale-kwale ya zagaya bayan tsibiri har sai kiɗa ya tashi.

Bayan shekara Yuderka ta matsa ya koma wurinta. Ya je, ya yi lokacin sanyi ɗaya a wani ɗaki na bene, yana leƙen titi ta taga. Anselmo mutumin kirki ne, ya saya masa rigar sanyi, yana fita da shi yawo, amma Telesforo ya yi ta ramewa, har 'yar da kanta ta ce gara ya koma gida. Da ya dawo ya sayar da kwale-kwalen, ya tare a wurin ƙanwarsa a bayan gari, inda ba a hango teku. Yana noma rogo a ɗan filin da ke bayan ɗakin. Gwiwoyinsa sun yi tsami, amma duk Lahadi yana saukowa coci da sanda, shi da a da sai an mutu ake ganin sa a can. Yakan zauna a bencin baya, a gefen da mata suka fi zama, ya fita kafin a tashi.