Yadda Manhaja Ta Kori Arɗo Daga Teburinmu

Akwai ranakun aiki da mutum ke mantawa da su tun kafin ya cire takalmi, amma ranar da muka fara jan wasan tebur da manhajar kwamfuta a wani ƙauye gefen Katuru ba ta cikinsu. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar da kwamfuta zaune a kan tebur kamar tare aka sassaƙo su, shi ya sa nake son ku ji yadda ta zo mana.

A lokacin ni jami'in fili ne, ofishinmu yana Ƙaura Namoda, muna zagaya ƙauyukan Shinkafi da Zurmi kan aikin sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Babban makaminmu shi ne wasan tebur. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Za a zaunar da dattawan ɓangarorin biyu, a shimfiɗa taswirar wani ƙauye da muka ƙirƙira, a ba kowa matsayi: wannan manomi, wancan makiyayi, wancan mai gari. Ni ne mai jan wasa. In ce, "Shanu sun shiga gonar wake da hantsi, me za ka yi?" Mutum ya faɗi dabararsa, a jefa ƙwayar ludo a ga ko ta ci. Ƙa'idarmu ita ce makiyayi ya zama manomi, manomi ya zama makiyayi. Abin da mutum ba zai iya faɗa wa maƙwabcinsa da gaske ba, a wasa yakan faɗe shi yana dariya, kuma a ji.

Kafin kowane zama nakan je ƙauyen kwana ɗaya tun da wuri. Ba na ɗaukar komai. In zauna gindin bishiya, in shiga ruga, in ji wa ya auri 'yar wa, su wa ke wasan taubasai, su wa suka daina gaisawa tun rabon gado. Da wannan nake raba matsayi washegari. A takarda sunanta ranar share fage, amma a ofis ranar shan fura suke ce mata, kuma ba da yabo suke faɗa ba.

Sai Kodinetanmu, Alhaji Bashir, ya je taron bita ya dawo da manhaja. Mutum ne mai kirki, sai dai duk abin da ya gani a bangon otal ana haskawa da majigi, to wahayi ne. Ya tara mu ya nuna mana. Kuma don Allah kada in ci amanarta, abar tana da kyau. Taswira ga ta nan da launi, da hazo da ke rufe inda 'yan wasa ba su kai ba tukuna. Labarai cike da cikinta. Tana jefa ƙwaya da kanta, tana ajiye inda aka tsaya, tana raba matsayi. Ana biyanta wata-wata, fakiti uku: ƙarami, matsakaici, babba. Mu da yake masu tattali ne, matsakaici muka ɗauka. Da aka duba inda za a rage don a riƙa biya, ido bai sauka ko'ina ba sai kan ranar share fage.

Na ce, "Yallaɓai, ranar nan fa ita ce rabin aikin."

Ya ce, "Malam Isa, wagga manhaja ta gama maka aiki. Ita ka raba matsayi, babu son kai, babu sanayya. Ai sanayyar ce matsalar ƙasag ga."

Na ce, "To furar fa?"

"Ka sha ta Ƙaura, ta hi arha."

Aka yi dariya, har da ni, domin mai neman ƙarin girma ba ya barin dariyar oga ta tafi ita kaɗai.

Zaman da za a gwada ta ba ƙaramin zama ba ne. A ƙauyen akwai burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, wanda gonaki suka ci har ya koma kamar hanyar tururuwa. Mun daɗe muna lallashin Arɗo Juli, shugaban makiyayan yankin, ya zauna tebur ɗaya da Sarkin Noma. Na sha rana a rugarsa har karnuka suka daina yi mini haushi. A ƙarshe ya yarda, amma tun da aka soke ranar share fage ban sake leƙa rugar ba. An shirya cewa in an yi wasa lafiya, washegari su biyun za su taka tare a kafa turaku gefe da gefe na burtalin kafin kaka. In Arɗo bai taka ba, babu makiyayin da zai ɗauki turakun a bakin komai.

Ranar Laraba ce, damina ta yi nisa. Muka ari aji ɗaya a makarantar firamare, aka tada janareta, aka haska majigi a bango. Sarkin Noma ya zo da mutanensa, Liman ya zo. Arɗo ya iso da mutum uku, cikinsu akwai Sanda, wani dogon magidanci wanda shi ne ke kora shanu ta burtalin da kansa. Sanda ya zauna can bakin ƙofa, aka miƙa masa shayi ya ce ya ƙoshi. Alhaji Bashir ya zo da kansa, har da mai ɗaukar bidiyo don a aika wa masu ba mu tallafi.

Aka shigar da sunaye. Alhaji ya yi bisimilla ya danna wurin rabon matsayi. Manhaja ta yi kiɗa, sunaye suka yi ta juyi a bango, suka tsaya. Arɗo Juli: makiyayin da ake zargi. Sanda: manomin da ya kawo ƙara.

Sarkin Noma ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya a ciki. Liman ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. Ni abin da na gani kawai shi ne makiyayi zai kara da makiyayi, wanda ya saɓa ƙa'idarmu, sai na ce a sauya. Alhaji ya danna. Manhaja ta ba mu haƙuri cikin ladabi, ta ce sauya matsayi bayan an raba yana cikin babban fakiti, ko muna son mu ƙara kuɗi yanzu?

Alhaji ya ce, "Mu tahi hakanan. Abin da ta zaɓa shi na adalci."

Da farko wasa ya yi armashi. Hazo yana yayewa, 'yan shanu suna tafiya a bango, tsofaffi suna nuna su da sanda suna gardamar ko fararen shanun nan bunaji ne. Aka zo kan Arɗo, na karanta masa abin da matsayinsa ya ce, ya maimaita a natse: shanunsa ba su shiga gonar kowa ba. Sai manhaja ta juya kan Sanda. Ta rubuta umarni da manyan baƙaƙe, ta kunna agogo yana ƙirga baya.

Alhaji ya fassara da murya mai ƙarfi. "Malam Sanda, ta ce ka dube shi ido da ido, ka ce mishi ƙarya yakai."

Sanda ya dubi ƙasa. Na ce ko mu ɗan huta a sha ruwa, Alhaji ya nuna mini agogo da mai bidiyo. Ya matsa kusa da Sanda, yana murmushin ƙarfafa gwiwa da aka koya musu a bita.

"Wasa na, ɗan'uwa. Amma in ba ka yi magana ba wasa ya tsaya, in ya tsaya babu zancen burtali gobe. Kai ka kora shanun ga, kai ka san wahala."

Arɗo yana zaune kamar an dasa shi, idonsa a kan taswira. Sanda bai ɗaga kai ba, amma kowa ya ji shi.

"Ƙarya kakai."

Alhaji ya tafa. Manhaja ta jefa ƙwayarta, ta busa kakaki, ta rubuta sunan Sanda da taurari kewaye da shi. Ya ci shari'a.

Liman ne ya jawo hannun rigata ya raɗa mini. "Malam Isa, kun dai san ɗiyar Arɗo na ɗakin Sanda ko? Bayan Babbar Salla anka ɗaura."

Na ce, "Allah shi gafarta malam, mi ya hana ku faɗi?"

"Mun ɗauka kun sani. Ba ku kunka ce injin ya san komi ba?"

Na tambayi Sarkin Noma daga baya, ya ce shi ina ruwansa, tun da yake bai taɓa kallon wasa mai daɗin wannan ba. Su kuwa mutanen Arɗo, ba a rugar da aka haifi wanda zai miƙe cikin taro ya ce wannan surukin wancan ne. Mu duka a ajin mun san mene ne suruki. Shi kansa Alhaji Bashir ko ruwa ba ya sha a gaban nasa. Amma da yake bango ne ya yi magana, cikin Turanci, da kiɗa, sai kowa ya ajiye abin da ya sani a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Arɗo bai tashi ba. Da ya tashi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna har aka gama, ya amsa duk abin da aka tambaye shi, ya gaisa da kowa. Ya ce wa Alhaji, "Injinku na da ilimi ƙwarai." Alhaji ya sa mai bidiyo ya ɗauki wannan sau biyu. Na bi Arɗo har wajen babur na ce, gobe da hantsi ke nan? Ya ce in Allah ya yarda.

Washegari muka tsaya a bakin burtali da turakunmu har rana ta take tsaka. Aka aiko daga rugar Arɗo cewa wata saniya ba ta da lafiya. Saniyar nan ba ta warke ba har kaka ta zo, shanu suka bi inda suka samu, magana ta koma gaban alƙali, inda muka yi ta wahala don kada ta je. Na koma rugar ba sau ɗaya ba. Kullum a shimfiɗa mini tabarma, a kawo nono, a ce Arɗo ya ɗan fita. Abin ya ci mini rai, kuma har yau yana ci.

Rahoton da ofis ya aika ya ce an samu gagarumar nasara, mahalarta sun yaba wa fasaha. A sashen darussa aka rubuta cewa matsalar da aka fuskanta ita ce rashin damar sauya matsayi, don haka aka ba da shawarar a koma babban fakiti. Aka koma. Shi ne wanda kuke amfani da shi yanzu, sai ku gode wa Sanda.

In kun tambaye ni ko manhajar ta cancanci kuɗinta, zan ce ta cancanta. Ta raba ni da zanen taswira a bayan kwali, ba ta mantuwa, ba ta gajiya. Duk abin da ke kan tebur ta fi ni saninsa. Sai dai aikinmu ba a kan tebur yake ba, yana jikin mutanen da suka kewaye shi, kuma mutanenmu ba sa faɗa maka inda ke musu ciwo, musamman in ka zo da majigi. Kowane kayan aiki a saye shi, amma a duba da kyau abin da za a sayar don a biya shi.

Bayan kaka na haɗu da Sanda a kasuwar Shinkafi, wajen masu gishirin shanu. Na tambaye shi labarin Arɗo. Ya ce lafiya lau, in ji mutane, domin shi tun ranar bai sake taka rugar ba. Na ce ko Arɗo ya yi masa faɗa? Ya ce ko kalma ɗaya. Har goro yake aiko masa.

Da za mu rabu ya riƙe hannuna. "Malam, sunana na nan cikin injin ga?"

Na ce yana nan.

"Don Allah ka hidda shi."

Da na koma ofis na buɗe manhaja na nemo sunansa, na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata, domin wannan ɗan wasa ba a taɓa cin sa ba. Na ce mata na tabbata.