Kamu Huɗu na Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da awon mita ba. In muka je sayen yadi a Amriguébé, mai shago zai ɗauko sandarsa ta awo ya ce, "Metir kam?" wato mita nawa. Ita kuwa sai ta karɓi bakin yadin ta ɗora a gwiwar hannunta, ta miƙe shi har kan yatsanta na tsakiya. Kamu ɗaya ke nan. Tana yi tana motsa leɓe, warwaronta na ƙara, yadin yana zubowa ƙasa kamar ruwa daga buta. Zane kamu huɗu ne a wurinta. Mai shago ya yi ta mita da Larabci, ita ko a jikinta. Ni ina tsaye gefenta ina ɗaga kai, gani nake hannun nan zai iya kaiwa har bakin kogin Shari.

Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta son a ɗauke ta.

Bara, a gidanmu na Gassi, 'yata ta tambaye ni, "Umma, kakata doguwa ce?"

Na buɗe baki zan ce sosai ma, sai na ga ban tabbata ba. Muryarta tana kunnena, ƙanshin turarenta ma ban manta ba, amma tsayinta ya ɓace mini. Abin ya tsorata ni. Na yi kwanaki ina rufe ido ina nemanta a bakin ƙofa, in ga inda kanta yake kaiwa, sai in ga haske kawai.

Can na tuna da wani tsohon zanenta a ƙasan akwati, wanda ta auna da hannunta. Na kai wa telan unguwarmu. Ya shimfiɗa, ya ja tef, ya ce santimita kaza ne. Na yi godiya na fito, amma lambar ba ta nuna mini kowa ba.

Da na koma gida na zauna a tabarma, na ɗora bakin zanen a gwiwar hannuna yadda take yi. Na auna kamu uku. Na huɗun da ƙyar ya kai wuyan hannuna, zanen ya ƙare.

Ashe ƙaramar mace ce. Matar da ta goye mu duka, da yau zan rungume ta, a ƙirjina kanta zai tsaya. Na yi kuka sosai, na kuma ji daɗi da na same ta.

Na kira 'yata na ce, "Kakarki ba doguwa ba ce. Ni ce nake ƙarama a lokacin."