Dodon da Aka Liƙa wa Fiffike

Dodona ba shi da fiffike. Wannan nake so a fara rubutawa, kuma na gaya wa matar autana da take riƙe da biro kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don gyaran 'yan boko ne ya kawo ni nan.

Ban taɓa taka ƙofar aji ba. Amma a ƙauyenmu, nan gefen Ɗanbatta, duk wanda bai wuce arba'in ba a gabana ya fara sanin tsoro. Tatsuniyoyi ina da su buhu-buhu, sai dai guda ɗaya ce tawa ta kaina, ta kiwon dodo. Kakata ta wajen uwa ta ba ni ƙashinta, ni na sa mata nama.

Ga yadda abin yake. Uwar dodo ƙwai ɗaya take yi a rayuwarta, ta binne a gefen gona ta yi gaba, ba ta waiwaye. Ƙwan kamar ƙaramin tulu yake, launin toka, ga nauyi, duk wanda ya gani zai ce dutse ne. Haka wata mata marar ɗa ta tsince shi tana sharar gona, ta kai gida ta cike murhunta da shi, don duwatsu biyu gare ta. Ƙwan dodo ba ya son kwanci, wuta yake so. Damina bakwai yana ɗauke da tukunyarta. Ran nan tana talge, sai dutse ya yi tari.

Ɗan dodo yana fitowa kamar ɗan akuya, ba gashi, ido a rufe har kwana arba'in. Ba ya shan nono. Ruwan toka ake ba shi da ƙanzo, in ya yi ƙwari a koma dusa da ƙaiƙayi. Garwashi kuwa ɗaya-ɗaya yake haɗiya, kamar yadda kaza take haɗiyar tsakuwa, shi ke niƙa masa abinci a ciki. Shi ya sa kunnuwansa suke hayaƙi, shi ya sa ɗakin da yake kwana ba a hura wuta da sanyi. Amma ba ya fesa wuta ta baki. Wane mahaukaci ne zai zubar da abin da yake dafa masa abinci? Duk kaka yana saɓa kamar maciji, a ɗauki saɓar a rufe rumbu da ita, gara ba ta kusantar wurin. Yana jan garma ba a kora shi. Yana koyon magana, amma da muryar mai kiwonsa kaɗai. Kuma da ƙafa yake tafiya, sawunsa kamar gindin turmi. Abin da cikinsa ke cike da garwashi, da me zai tashi sama?

Sai doka guda ɗaya, ita ce kan tatsuniyar. Dodo bai san gishiri ba, kuma ba a so ya sani, don ranar da ya ɗanɗana, ranar zai gane jikin mutum gishiri gare shi. Saboda haka ba a shafa shi, ba a bari ya lashi hannu, don gumi. Da dogon ludayi ake ba shi abinci. Kana son sa, yana son ka, amma tsakaninku akwai tsawon ludayi. Wannan ba daga iska na ɗauko ba. Na turke raguna da bijimai sun fi a ƙirga, kuma bijimin da na fi shafawa shi ya karya mini haƙarƙari biyu.

To ina da jika, 'yar babban ɗana, tana jami'a a Kano, zane take koyo a kwamfuta. Bara waccan, lokacin ɓarar gyaɗa, ta diro da hantsi ranar kasuwar Ɗanbatta, za ta koma a motar la'asar. Ta same ni a inuwar darbejiya da ƙwarya a cinya.

"Tsohuwa, ashe har yanzu kina nan?"

"Ina jiran in ga wanda zai kwashe ki tukuna. Ko mazan Kano duk idonsu ya buɗe?"

Ta zauna tana cinye mini gyaɗa, ta ce aikin makaranta aka ba su, tatsuniyar dodo take so in yi mata ta ɗauka a waya. Na ce, "Da rana tsaka? Ke a ina kika tashi?" Ba a tatsuniya da rana. In dole ta kama, sai a ɗaure gizo: a tsige gashin ido ɗaya a ƙulle a haɓar zane, in ba haka ba, an ce ɓacewa ake yi. Na kai hannu ina lalube, na kasa kamawa, nawa tsufa ya riga ya tsige mini.

"Bari, Kaka, ni nawa da yawa," in ji ta.

Ta ja ɗaya ta miƙo mini, dogo, baƙi wuluk. Har yabawa na yi. Na ce, "Kai, wannan gashin ido kamar na raƙumi. A wajen uwarki kika gado, don mu ba mu da shi." Ta yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Ban kula ba. Na ƙulle, na fara. Na ba ta ƙwai, na ba ta murhu, na ba ta ludayi, na kai inda dodo ya girma yana noma. Sai direba ya hau danna oda a bakin hanya, ta sure jakarta ta tafi, ƙarshen ya zauna a bakina.

Rani ya shigo. Na ga yaran unguwa sun rage zuwa wajena bayan magariba, suna cunkushewa a zauren maƙwabta kan waya. Ban damu ba, na ce za su gaji. Ran nan na tara na gidanmu na ɗauko musu dodo. Ina cikin bayanin sawunsa, sai ƙaramar jikata, ɗiyar autana, 'yar shekara shida, wadda ni na yi mata wankan farko, ta katse ni.

"Kaka, kin manta fiffiken."

"Wane fiffike?"

"Kore. Da shi yake tashi. Kuma yana fesa wuta."

Na ce dodo ba ya tashi. Sai yayyenta mata biyu suka haɗa baki: "Ba haka ba ne, Kaka, ba ki iya ba."

Ba ki iya ba. Ni. A tsakar gidan da na share shekara hamsin.

Na ce a kawo mini wayar. Na kara ta a hanci don idona ya yi rauni. Abu na farko da na ji, muryata ce, tawa ta kaina, tana cewa uwar dodo ƙwai ɗaya take yi. A kan muryar kuma an ɗora zane mai motsi. Matar nan marar ɗa an mayar da ita yarinya mai kitso da ƙyalle. Dodon kore shar kamar ganyen rama, ido dara-dara, fiffike kamar na jemage. Yarinya ta hau bayansa suna shawagi a kan gonaki. Inda na yi maganar ludayi an yanke, an sa kiɗa. Sai ga shi ya sauko ya zaro harshe ya lashe mata fuska tun daga haɓa har goshi, tana ƙyalƙyala dariya.

Ban san lokacin da na yi jifa da wayar ba. Allah ya sa kan tabarma ta faɗa.

Daga ranar na rufe bakina. Suna roƙo, ina cewa su je waya ta yi musu, ai ita ta iya. Ba a yi wata biyu ba, ƙaramar nan ta shiga turke ta rungume wuyan ragon da nake kiwo, tana ce masa dodona, tana tura masa fuska ya lasa. Ya ja da baya ya maka ta da garu. Goshinta ya tashi kamar ƙwan zabuwa, kwana uku tana kwance. Ubanta ya ce a sayar da ragon. Na ce ragon bai yi laifi ba, abin da rago ke yi ya yi. Yaran da suka tashi a gabana tun da can, ba wanda ya taɓa kai fuskarsa bakin dabba. Ba duka na yi musu ba. Ludayi na ba su.

Da kaka ta zagayo, jikar nan tawa mai zane a kwamfuta ta dawo da faɗin baki da ledar sabulu. Wai abin ya karɓu, wai mutane suna ta tambayar ci gaba, wai malaminsu ya yaba. Ƙarshen ta zo karɓa. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Azahar ta yi, ta ɗauki buta ta tsuguna kusa da ni za ta yi alwala. Sai na ga ta kai hannu ido ta ɓaro wani abu ta ajiye a kan faifai, ta sake ɓaro ɗaya. Suna kwance kamar ƙafafun kyankyaso.

"Ke, mene ne wannan?"

"Gashin ido ne, Kaka. Na kanti. Liƙawa ake yi."

Na jira ta idar da sallah. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko zanen nan, don ban taɓa kwance ƙullin ba, tunda ba a gama tatsuniyar ba. Na kwance a gabanta na ajiye gashin kusa da 'yan uwansa. Iri ɗaya.

"Da wannan kika sa na ɗaure gizo?"

Ta fara dariya, ta ga fuskata, ta haɗiye.

"Haba Kaka, ai camfi ne."

"Na riga ubanki sanin camfi ne. Ina sallah tun kafin a haife shi. Amma kin san me ya sa ake tsigewa? Don a ji zafi. Don mai yi da mai saurare su san an ɗauko abu ba a lokacinsa ba, a riƙe shi da hankali. Ke ko gezau ba ki ji ba. Kin ba ni gashin ƙarya, kin ɗauki muryata kin liƙa mata dodon ƙarya. Ba ni na ɓace ba, tatsuniyata ce ta ɓace, ga shi tana yawo gari-gari da fiffiken aro. Je ki duba goshin ƙanwarki."

Ta ce masu kallo fiffike suke so, na ƙasashen waje duk haka suke, malaminsu ma ya ce in ba fiffike abin ba zai ja hankali ba.

"Malamin naku ya taɓa kiwon ko da zabuwa?"



Na ce in ƙarshe take so, sharaɗi uku. Waya a ƙwarya, a rufe da faifai, a kai rumbu. A kira mini yaran gidan nan duka. Kuma ta tsige nata na haihuwa. Ta yi ta ja tana kasawa, yara suna dariya, da ƙyar ta fizgo wani ɗan guntu, idon ya kaɗa ya yi ja, hawaye ya gangaro. Na ce yauwa, yanzu an ɗaure.

Na ba su ƙarshen. Matar nan ta tsufa. Ran nan tana dama dusa, ta tuna duk duniya ba ta da kowa sai abin da ba ta isa ta shafa ba, hawaye ɗaya ya ɗiga a ƙwarya ba ta sani ba. Dodo ya ci ludayi ɗaya, ya tsaya, ya ɗago kai. Da muryarta ya ce, "Inna, yau me kika sa?" Ba ta gudu ba. Ta cika kasko da garwashi ta yi gaba, yana bin ta yana shinshinar bayanta, suka wuce gidaje, suka wuce gonaki, har tsohuwar rijiya. Ta zura kaskon a guga. Ya bi garwashi ya sauka, ruwa ya kashe wutar cikinsa. Kwana uku ana jin muryarta tana kira daga rijiya, ita kuma tana zaune a gida, gaban murhu mai duwatsu biyu.

Yara duk sun sunkuyar da kai. Mai zane ma kanta a ƙasa yake.

Can ta ce in maimaita ta ɗauko waya. Na ce ta fara cire fiffiken. Ta ce abin da ya riga ya bazu ba ya dawowa. Na ce to muryata ma ba za ta sake fita ba, ta je ta nemi tsohuwar kanti ta liƙa. Ta koma Kano a motar la'asar da ledar sabulunta, don ban karɓa ba. Ubanta ya aiko cewa na yi tsanani. Na ce ya zo ya faɗa mini a gabana. Har yau bai zo ba.

Shi ya sa na sa a rubuta. Duk wanda zai ɗauki ƙarshen, sai ya bi ta kan maganata ta farko. Kuma da rana ake rubutun nan, matar autana ta lalubo mini farin gashi guda ɗaya da ya rage a idon hagu, yana ƙulle a haɓar zanena.

Jiya na leƙa turke na ga ƙaramar nan ta ɗaura ludayi a jikin kara tana miƙa wa rago dusa daga nesa, dusar tana zubewa, tana yi masa faɗa. Na gidana sun dawo. Amma ranar kasuwa na ga yaran ƙauyen gaba a bakin hanya sun buɗe hannuwa suna gudu suna hura iska, wai su dodo ne. Na tsaya na ce musu dodo ba ya tashi. Suka dube ni, ɗaya ya ce, "Iya, ba ki kalla ba ne."