Furen Lallen da Na Hana Inna

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da na fita da Inna ganin lambuna ba. Na tsufa, na yi jikoki, amma in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya a Makka, zamanin da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Masallacin Harami. Ni mace ce ta gida, in ba Juma'a ba ko bakin layinmu ba na leƙawa. Inna kuwa, mahaifiyata, da ƙafa ta zo Makka ta Cadi da Sudan, ina goye a bayanta. Sai ga shi tsufa ya zaunar da ita, ido ya yi hazo, ƙirji yana ƙugi in ta ja numfashi. Kullum zancenta ɗaya, wai garin nan albarka ce da duwatsu, ta manta rabon da ta ji ƙanshin ɗanyen ganye.

Wata shekara, sanyi ya tafi zafi bai kankama ba, aka samu ruwa kwana biyu a jere. Maƙwabciyarmu mai kai turare gidajen masu hali ta ce can bakin gari wajen Rusaifa an yi sababbin gidaje masu lambu, itatuwa har sun leƙo ta kan katanga. Inna ta juyo ta ce, "'Yar nan, kai ni."

Na ce, "Inna, da wace ƙafar?"

Ta ce, "Da wadda ta kawo ki daga ƙasar Kano, marar kunya."

Washegari da safe taksi ya ajiye mu a bakin layin. Shiru, ba kukan jakin mai ruwa, ba hayaniyar talla, sai ƙarar ruwa yana gudu a bayan katanga. Tattabaru suna yawo a tsakanin ƙafafunmu, don a Makka ba mai korar tsuntsu. Muna tafe a hankali tana riƙe da kafaɗata, duk tsuntsun da ya yi kuka sai ta faɗi sunansa. "Ji kurciya! Irin ta kan tsamiyar gidanmu." Har dariya ta yi, abin da na daɗe ban ji ba.

Can sai ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta ce, "Lalle." Na duba, ga reshen lalle ya zubo ta kan katanga, cike da fararen furanni. Ta ce uwarta na da irinsa a bayan ɗaki. Ta miƙa hannu tana lalube.

Ni kuwa na buge hannun. Wallahi na buge shi, har yau ina jin ƙarar.

Tun ina ƙarama nake jin mata suna cewa a ƙasar Harami ba a sare itace, ba a cire ciyawa. A bakin mutane na tsinta, ban taɓa tambayar kowa ba. Ga kuma tsoron a ce 'yan takari sun zo satar fure. Mai kula da lambun, wani dattijo ɗan Yaman, ya ji mu ya fito da wuƙarsa. Ya ce, "Ya hajja, bari in yanko mata."

Na ce, "La, la, haram!" Na ja Inna baya.

Ta ce a hankali, "Reshe ɗaya fa, in sa ƙarƙashin matashi."

Na ce, "Inna, so kike ki mutu da zunubi a ƙasa mai tsarki?"

Ta shafa bayan hannunta. Sannan ta ce, "To, Allah ya ba ki lada. Mu tafi." Muka juyo, tsuntsaye na ta kuka, ba ta ƙara faɗin sunan ko ɗaya ba.

Kafin zafi ya shigo sosai Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki na ba mata labarin, har da ɗan alfahari, wai na tsare ta daga saɓo. Wata tsohuwa, matar malami, da ta yi karatu, ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Haba 'yata. Abin da ya tsiro da kansa shi aka hana. Abin da mutum ya shuka da hannunsa ya ba shi ruwa, in ya ba ka ai halal ne." Ban ji sauran maganarta ba.

Bayan kwanaki na koma layin ni kaɗai. Furannin duk sun zube. Dattijon ya gane ni, ya ce, "Ina hajjar?" Na dubi reshen lallen. Bai ƙara tambaya ba, ya yanko min reshe, na dasa a gwangwani. Har yau jikan lallen nan yana tsakar gidana, duk wanda ya miƙa hannu cewa nake ya tsinka.

Abin da na koya ke nan: tsoron Allah in ba tambaya a cikinsa, yana iya sa ka cuci uwarka kana jiran lada. Tun daga ranar, ba na ce wa kowa "haram" sai na tambayi wanda ya sani.