Zanen da Safara'u Ta Hana a Wanke

Safara'u mai daddawa ba ta taɓa haihuwa ba. Gajeriyar mace ce mai baki, ko sarkin kasuwar Bebeji ba ya son haɗuwa da ita da sassafe. Rumfarta na jikin zauren alƙali, don haka ta tsufa tana kasa daddawa, kunnenta na shan shari'a.

Wata damina, tun Turawa ba su tafi ba, Halima, wata bazawara Bafulatana mai kawo mata nono, ta faɗo gidanta da hantsi, ba ƙwarya, zane a yage duk jini. An tare ta cikin dawa an yi mata fyaɗe. Wanda ya yi kuwa Maikano ne, ɗan wan Safara'u, wanda ta goya da bayanta.

Matan gida suka kama abin da aka saba: a dafa ruwan zafi, a wanke zane, a rufa asiri. Har an sauya wa Halima wani, za a jiƙa nata, sai Safara'u ta take shi da ƙafa.

"Kada wadda ta taɓa shi! Halima, na sha ji a zaure. In kin yi shiru ciki ya fito, ke za a kama da zina. In kin ambaci sunansa daga baya ba shaida, bulala tamanin ce ta ƙazafi. Wadda ta zo nan take da kukanta da alamarta, ba ta da laifi."

"Inna, ɗanki ne fa," in ji Halima.

"Na san wanda na goya. Tashi."

Ta kama hannunta suka ratsa tsakiyar kasuwa zuwa zauren alƙali, zanen a kafaɗar Safara'u, tana kururuwa.

Alƙali ya sa tsofaffin mata suka duba Halima. Maikano ya musa. Shaidu huɗu babu, don haka babu haddi, amma ga yaƙushi a wuyansa, ga manoman da suka ji ihu suka gan shi a guje. Aka yi masa bulala, aka ɗora masa biyan sadakin irinta, aka tura shi kurkuku a Kano.

Wan Safara'u bai ƙara yi mata magana ba har ya koma ga Allah. Abin ya ci ta ƙwarai, ta sha kuka, amma ba a taɓa jin da-na-sani a bakinta ba.

Ranar da ta rasu, matan dangi suka noƙe, kowa na kallon kowa. Sai ga Halima daga ruga, da furfurarta da jikoki. Ta ɗaura ɗamara ta ɗauki ruwan wanka.

"Ku ba ni wuri," ta ce. "Uwata ce."