Ranar da Takardun Mota Suka Hau Jirgi

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da sitiyari, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba da na tsaya a ƙofar filin jirgin saman Yamai, ina kallon takardun motata suna tafiya a hammatar wani, bakina a rufe. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna yawan yi mini tsiya, wai Baba Ilu ba ya tayar da mota sai ya buɗe aljihun gaba ya leƙa kamar mai neman goro. To, yau ku ji dalili. Idan kuka ji muryata ta tashi ku yi haƙuri, har yanzu abin yana ci mini rai.

A lokacin ni ne direban manaja a wani kamfanin sayen hatsi a nan Daura. Ga wanda bai san tsarin ba, direbobinmu hawa uku ne: masu manyan motocin kaya, masu ƙananan motocin ofis, sai direban manaja, wanda ba a ba shi kujerar sai an daɗe ana gwada hannunsa da bakinsa. Iyalina suna Baure. Ina kwana Daura ranakun aiki, in koma gida Juma'a da yamma. A unguwarmu akwai rumbun taimakon juna, kowane gida yana zuba gero bayan girbi domin a agaza wa wanda abincinsa ya ƙare kafin sabon hatsi ya nuna. Ranar Asabar ake buɗe shi, kuma shekara goma sha ɗaya mabuɗinsa yana rataye a jikin wata ƙusa a ɗakina. Ba aikin albashi ba ne, amma a wurina ya fi kujerar kamfani daraja, don shi ne shaidar cewa mutanen da suka san ni tun ina yaro sun yarda da hannuna.

Bayan girbin wata shekara, manajanmu Alhaji Sabi'u ya shirya zagayen kasuwannin Nijar don ganin dillalan wake. Muka fita ta Kongolam. A kan iyaka aikin direba ne ya shiga ya fita da takardu: a buga wa fasfo hatimi, a duba katin allurar rigakafi, sannan a tsallaken can a ba mota takardar izinin shiga ƙasa, wadda ake haɗawa da takardar mallaka da ta inshora. Motar da ba ta da waɗannan ukun a ƙasar wani, a idon hukuma ba ta da uba. Ni kuma al'adata in haɗa komai, nawa da na maigida da na mota, a cikin ambulan guda mai ruwan ƙasa, don kada wani abu ya salwanta. Ina alfahari da wannan dabara tawa, ban san ita za ta kayar da ni ba.

Kwana tara muna tafe, Damagaram, Maraɗi, Birnin Ƙonni, har Yamai, inda muka sauka gidan wani aminin manaja mai suna Alhaji Mamman. A nan tafiyar mota ta ƙare. Manaja ya ce shi zai hau jirgi zuwa Dakar ya ziyarci abokansa na makaranta, ni kuma in mayar da mota Daura kafin Juma'a. Ranar Talata da la'asar ya karɓi ambulan, ya ce zai cire fasfonsa. Bai dawo mini da shi ba.

Da safiyar Laraba muka nufi filin jirgi, su biyu a baya suna ta hirar abokan Dakar, wane ya yi ƙiba, wane ya gina gida a bakin teku. Na jira har hirar ta ɗan lafa, na ce, "Ranka ya daɗe, ambulan nan na jiya..."

Bai bari na ƙarasa ba. "Ilu, sau nawa zan gaya maka? Idan manya suna magana, direba titi yake kallo."

Alhaji Mamman ya yi 'yar dariya. Ni da furfura a gemuna, aka yi mini tsawa a gaban baƙo kamar ɗan aike. Kunya ta rufe ni, zuciya kuma ta ɗebe ni, na ce a raina, to shi ke nan, idan mun isa ai zai tuna da kansa. Da muka isa na sauke jakunkunansa. Ya sa ambulan a hammata, suka rungumi juna da amininsa, ya juya ya nufi ƙofar shiga. Taku goma ne tsakanina da shi. Ina ganin bakin ambulan yana leƙowa ta ƙarƙashin hannun rigarsa. Kalma biyu kawai ake bukata, amma na tsaya ina jiran ya waiwayo, don kada a ce na sake katse manya. Bai waiwayo ba.

Sai da ya ɓace sannan hankalina ya dawo. Na buga wayarsa, ba a ɗauka ba, can kuma ta mutu gaba ɗaya. Na gaya wa Alhaji Mamman halin da ake ciki. Ya kaɗa hannu ya ce, "Haba, wannan ba komai ba ne. Ka kama hanya, duk inda aka tsayar da kai ka ambaci sunana." Nan na tafka kuskure na biyu: na yarda. Ku riƙe wannan, sunan babban mutum yana aiki ne a inda ake ganin fuskarsa, bayan gari kuwa ba ya ɗaga ko sandar shinge.

Na wuce shinge biyu lafiya. A na uku, tsakanin Doso da Birnin Ƙonni, jandarma ya miƙo hannu ya ce takardu. Na ba shi lasisina. Ya ce na mota. Na fara bayani, na ambaci Alhaji Mamman, ya dube ni kamar na ambaci sunan wani ƙauye a ƙasar Sin. Aka shigar da mota harabar ofishinsu, aka kai ni gaban kumandan, wani dogon mutum mai sanyin murya.

"Baba, ba mu ce kai ɓarawo ne ba," in ji shi. "Amma ga mota mai lambar wata ƙasa, babu takarda, babu mai ita. In kai ne a kujerata, mi za ka yi?"

Na ce, "Abin da ka yi, ranka ya daɗe."

Gaskiya ba ni da abin da zan riƙe su da shi, aikinsu suka yi. Ba su kulle ni ba, sun dai ce kada in bar wurin sai takardu sun zo. Benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya zama ofishina da ɗakin kwanana.

Sai ranar Juma'a na samu manaja, da wayar da kumandan ya ara mini, don kuɗin tawa sun ƙare. Ina jin hayaniya da ƙarar cokula a bayansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardun mota suna wurinka, an tsare ni a hanya." Ina jin yana buɗe jaka. Sai ya ce, "To yanzu me kake so in yi? In bar mutanen da na shekara ashirin ban gani ba saboda takarda? Ka zauna nan, ai ba dukanka ake yi ba. Ina dawowa." Ya kashe.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Mantuwa ba ta bar kowa ba. Abin da ba zan yafe ba shi ne wanda ya biyo baya. Daga baya na samu labari cewa da yammacin wannan Juma'ar mataimakin manaja ya kira shi daga Daura yana tambayar ina mota. Mutumin nan, da ambulan a jakarsa, bayan ya gama magana da ni, ya buɗe baki ya ce, "Ai tun Laraba na sallami Ilu, ya kamata a ce ya iso." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, don kada na ƙasa da shi ya ji cewa ya yi mantuwa. Da na kira ofis na ba da nawa bayani, mataimakin ya ce, "Malam Ilu, manaja bai ce mini haka ba." A muryarsa na gane an riga an auna maganata da ta manaja, kuma kun san wadda ta fi nauyi.

Ana cikin haka wata motar kaya ta mutanen Daura ta tsaya a shingen. Direban ya hango ni a kan benci, ga motar kamfani a harabar jandarmomi. Mun gaisa, na yi masa bayani dalla-dalla. Ban ce shi ya juya maganar ba, amma kafin ta ƙetare Kongolam ta zama an kama Ilu a Nijar da mota babu takardu. Kafin ta isa kasuwar Baure ta zama an kama shi yana cinikinta.

Ranar Lahadi na kira gida. Matata Hajara ta ɗauka, muryarta kamar ta mai mura. Na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Malam, jiya mai unguwa ya aiko a karɓi mabuɗi. Wai kafin ka dawo." Na ce ai dama Asabar ce, dole a buɗe rumbu. Ta ce, "Ba a dawo da shi ba. Kuma sun sa an auna geron." A shekara goma sha ɗaya ba a taɓa auna geron nan a bayan idona ba. Na miƙa wa kumandan wayarsa. Wallahi a wannan lokacin da manaja yana gabana, ban san abin da zan aikata ba.

Kwanana takwas a kan bencin nan. Manaja ya gama ziyararsa tsaf, ya sauka Yamai, ya ba wani direban bas ambulan ya kawo mini, shi kuma ya bi wani jirgin zuwa gida. Ko ya biyo ta shingen ya ga inda ya ajiye ni, bai yi ba. Kumandan ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini mabuɗin mota, ya ce, "Baba, da ka buɗe baki a hilin jirgi, da duk wannan ba ta taso ba." Na karɓi mabuɗin, na san gaskiya ya faɗa.

Na iso Daura, na wanke mota, na shiga ofishin manaja. Ya tarbe ni da fara'a, har ya yi haske saboda iskar teku. Ya jawo leda ya turo mini: hula da kwalbar turare, tsarabar Dakar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma ba tsaraba ta kawo ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo Baure, ko ka rubuta wa mai unguwarmu layi biyu, ka ce takardun a hannunka suke."

Fuskarsa ta canza. "Ni in je Baure in tsaya gaban ƙauyawa in ce na yi mantuwa? Ilu, mota ta dawo, kai ka dawo, ba wanda ya kore ka. Magana ta wuce."

"A wurinka ta wuce, ranka ya daɗe. A garinmu yanzu ta fara."

"Ka cika son ja da magana," in ji shi, ya jawo fayil gabansa.

Na bar masa ledarsa a kan tebur. A ranar na nemi a mayar da ni motocin kaya, kuma a can na ƙarasa aikina. A duk Daura mutum ɗaya ne ya tare ni kamar yadda ya saba, Emeka mai sayar da kayan gyaran mota. Ya fito daga shagonsa ya kama hannuna ya ce, "Malam Ilu, mutumin da yake mayar wa kamfani tsohon fulogi idan an canza sabo, shi ne zai saci mota? Na gaya musu ƙarya ne." Na ji daɗin maganarsa, na kuma ji ciwo, don ba daga bakinsa nake son jin ta ba.

Ranar Asabar na je wurin mai unguwa, dattawa suna zaune. Na faɗi komai daga farko har ƙarshe. Suka ce geron ya cika cif, ko tiya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Suka ce sun yarda da ni, dama su ba su taɓa zargina ba. Na ce to alhamdu lillahi, na zauna ina jira. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Sai dai ka san an riga an damƙa wa Malam Audu mabuɗin. Karɓewa yanzu zai zama kamar shi ma an zarge shi. A bari dai zuwa wani lokaci." Na dubi fuskokinsu, kowa yana kallon tabarma. Na gane cewa sun yarda da ni da baki, amma wanda ya kamata ya zo ya wanke ni bai zo ba, kuma su ma sun lura da hakan.

To, ku matasa, ga abin da na koya. A aikin nan za a koya muku ladabi, a ce direba ba shi da kunne ba shi da baki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ladabin da zai sa ka ga takardun motarka suna tafiya ka yi shiru, ba ladabi ba ne, wauta ce, kuma ni na yi ta. Ka yi magana ko gaban wa ake, tsawa ba ta kwana a jiki. Kada ka haɗa takardun mota da na maigida a wuri guda. Kada ka motsa taya a ƙasar wani da sunan mutum a madadin takarda. Kuma ka sani, akwai manyan da za su bari sunanka ya ɓaci ƙurmus don kada nasu ya ɗan yi ƙura. Manaja ya yi ritaya da walima da jawabai, har aka yabi riƙon amanarsa, ina zaune a baya ina ji.

Wani lokacin da mai unguwa ya ce a bari zuwa gare shi bai zo ba har yau. Hajara ta sha cewa in cire ƙusar nan daga bango, tana yage mata labule. Na ce a bar ta. Kullum na buɗe ido da safe ita nake fara gani, babu komai a jikinta.